Ciwon da Ba Ya Fita a Gwajin Jini: Cin Zarafi a Wurin Aiki

Wata yarinya da shekarunta ba za su wuce 17 ba ta zo ɗakin shan maganinmu sau uku cikin wata ɗaya. Zuwan farko ciwon kai ta kawo. Muka gwada jini, babu zazzaɓin sauro, muka ba ta maganin ciwon kai ta tafi. Zuwa na biyu ciwon ciki ne da rashin cin abinci. Muka ba ta maganin tsutsa. Da ta dawo karo na uku ta rame, idanunta sun faɗa, ta ce ba ta barci. Aikin gida take yi a gari, uwar ɗakinta ce take rako ta kullum, ita ce kuma take amsa duk tambayar da na yi wa yarinyar.

A ranar na roƙi uwar ɗakin ta je ta jira a layin karɓar magani. Na rufe ƙofa, na jawo kujera kusa da yarinyar, na ce, "'Yata, akwai wanda yake damunki a gidan da kike aiki?" Ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Mama, in na faɗa za a kore ni, kuma ba a biya ni kuɗin wata uku ba."

Ƙanen maigidan ne. Duk lokacin da gida ya yi shiru sai ya bi ta madafa, ya taɓa jikinta, ya ce in ta buɗe baki zai ce ta saci kuɗi. Da dare takan jingina turmi a bayan ƙofar ɗakinta, ta zauna ido biyu har asuba. Wannan shi ne ciwon kanta, shi ne kuma ciwon cikinta. Laifina ne da ban ware ta na tambaye ta tun zuwan farko ba. Tun daga ranar na canja yadda nake duba masu zuwa da ciwon da gwaji bai nuna ba.

Wannan darasi saboda irinta ne, da iyayenta, da masu ɗaukar irinta aiki. A karanta shi a taron mata, da na matasa, da na dattawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ina ne wurin aiki?

Da an ce wurin aiki, tunanin mutane yakan tafi ofis mai tebur da fanka. Yawancinmu ba a nan muke neman abinci ba. Gonar da kake ƙwadago wurin aiki ce. Haka gidan da yarinya take wanke-wanke da raino, da shagon tela inda ake koyon ɗinki, da garejin gyaran babur, da gidan abinci a tasha, da ramin haƙar zinariya, da titin da yarinya take bi da farantin talla a ka. Hanyar zuwa gona da ta dawowa ma tana ciki. Makaranta tana ciki, asibiti yana ciki, harabar masujada tana ciki.

A watan Yuni na 2019, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 a birnin Janiba. Ta ce kowane mai aiki yana da hakkin ya yi aikinsa ba tare da duka ko tsangwama ba, kuma ba ta tsaya ga masu albashin wata ba. Ta haɗa da 'yan koyo, da masu aikin sa kai, da masu neman aiki, da waɗanda babu wata takarda tsakaninsu da mai ba su aiki. A 2022 ƙungiyar ta fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashen duniya: fiye da mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata biyar ya taɓa fuskantar duka, ko cin mutunci, ko neman lalata a wurin aikinsa. Rabinsu ne kawai suka taɓa gaya wa wani. Ke nan in kuna zaune ku ashirin kuna sauraron wannan darasi, da wuya a rasa wanda abin ya taɓa.

Ina wasa ya tsaya?

Mu mutane ne masu wasa. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na ƙabila da ƙabila, akwai barkwancin da ke rage nauyin rana a gona. Ba wannan nake nufi ba, kuma ba na so a fita daga darasin nan ana tsoron gaisawa.

Ga yadda ake ganewa. Wasa na mutum biyu ne, kowa yana dariya, kowa kuma yana da ikon cewa ya isa. In ɗaya yana dariya ɗayan yana neman hanyar gudu, ba wasa ba ne. In wanda ake yi wa ba zai iya cewa "bari" ba domin abincinsa yana hannun mai yi, ba wasa ba ne. Mai gona da ke tsokanar 'yar ƙwadago da zancen ƙirjinta ya san ba za ta iya rama masa ba. Murmushin da take yi na tsoro ne.

Abin yakan zo ta fuska da yawa. Taɓa jiki ba da yarda ba, ko goga jiki da gangan a wurin da babu matsi. Zancen batsa, da nuna hotunan tsiraici a waya, da kiran waya cikin dare. Kyauta mai igiya, wato sabulu ko zane ko kuɗin kati da za a dawo a nemi ladansu. Sai kuma ciniki a fili: "In kina so in ɗauke ki aiki, ki same ni da yamma." "In kina son takardar gama koyo, kin san abin da za ki yi." Akwai kuma cin zarafin da ba na lalata ba: mari da bulala, zagin iyaye, hana abinci, riƙe ladan aiki don a ɗaure mutum, kulle yarinya a gida, wulaƙanta mutum saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wata naƙasa a jikinsa. Sau da yawa waɗannan tare suke tafiya. Wanda ya riƙe kuɗinki ya riƙe ƙafarki.

Kada a ɗauka mata kaɗai ake yi wa. Yara maza 'yan koyo a gareji, da yaran mota, da masu kiwo a daji, su ma ana lalata da su, kuma su sun fi mata yin shiru, don suna ganin ba wanda zai yarda namiji ya faɗi irin wannan. Akwai kuma matan da suke cutar waɗanda ke ƙarƙashinsu. Dukanmu mun san labarin Yusufu a gidan ubangijinsa a Masar. Bawa ne, ya ƙi, aka yi masa ƙage, shi aka kai kurkuku.

Me ya sa ba ta yi ihu ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji, daga bakin iyaye, da dattawa, har da ma'aikatan lafiya. Ina so mu tsaya a kanta.

In tsoro mai tsanani ya kama mutum, jiki yakan yi ɗaya cikin abu uku: ya yi faɗa, ya gudu, ko ya sandare. Mutum ba shi yake zaɓa ba. Kun taɓa ganin ɗan akuya da fitilar mota ta haske shi a tsakiyar hanya, ya tsaya cak? Haka jikin mutum yake yi. Murya ta ɗauke, hannu da ƙafa su yi nauyi, wani lokaci ma mutum ya ji kamar ba a jikinsa abin yake faruwa ba. Mata da yawa da aka yi wa fyaɗe haka suka ba ni labari, suna kuka suna zargin kansu. Nakan ce musu, jikinki ne ya yi ƙoƙarin ya tsirar da ranki. Rashin ihu ba yarda ba ne. Rashin rauni a jiki ma ba yarda ba ne.

Bayan abin ya wuce kuma, akwai dalilan da ke rufe baki. Tsoron kora. Tsoron a ce ita ta kai kanta. Tsoron kada maganar ta hana ta aure, ko ta kashe auren da take ciki. Mutumin kuma sau da yawa babba ne, ana gaishe shi a durƙushe, wataƙila shi ya biya wa ƙanenta kuɗin makaranta. An koya mana kunya da girmama manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma mai mugun nufi da ita yake fakewa.

Ni ma na taɓa yin shiru. Ina ɗaliba a makarantar jinya, a wani asibiti da aka tura mu koyon aiki, wani babba yakan sa sunana aikin dare tare da shi, yakan kuma tuna mini cewa shi zai sa hannu a takardata. Sati biyu ina zuwa aiki cikina yana murɗawa. Wata tsohuwar ungozoma ce ta lura. Ba ta tambaye ni kome ba, sai kawai ta fara ɗauko tabarmarta tana kwana a ɗakin da nake aiki. Daga baya ta kama hannuna muka je wurin shugabar masu jinya, aka canja mini layi. Ba a hukunta shi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai, don na san ba a kaina ya tsaya ba.

Yadda yake fita a jiki

Wanda yake zaune cikin tsoro kullum, jikinsa ba ya hutawa. Zuciya tana bugawa da sauri, barci ya ƙaurace, ciki ya ƙi karɓar abinci. Daga nan sai ciwon kai da ba ya jin magani, ciwon ciki, ciwon baya, kasala, mantuwa, firgita cikin barci, yawan kuka ko saurin fushi. Mai hawan jini nasa yakan ƙaru. Wasu sukan faɗa shan giya ko ƙwayoyi irin su taramol don su manta. Yaro ko yarinya na iya komawa fitsarin kwance, ko ya ƙi zuwa shagon da a dā yake ɗokin zuwa. A gida sai a ce aljanu ne, ko sammu, ko lalaci, a yi ta kashe kuɗi, tushen ciwon yana nan.

In kun ji mutum yana cewa gara ya mutu ya huta, kada ku ɗauka magana ce kawai. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari na gona da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, a kawo shi asibiti a ranar.

In abin ya fara

Mai irin wannan hali ba ya farawa da babba. Yakan gwada da ƙarami, ya ga ko za a yi shiru. Saboda haka, in babu haɗari, faɗa masa tun farko, a sarari, ba da murmushi ba: "Baba, ba na son wannan. Kada ka sake." Kiransa Baba ko Kawu a lokacin yana tuna masa matsayinsa. In kin ga faɗar haka zai jawo miki duka, kada ki tsaya gardama, ki bar wurin ki nufi inda mutane suke.

Ki gaya wa mutum ɗaya da kika amince da shi, ko da ba ki shirya kai ƙara ba: inna, ko yaya, ko shugabar mata, ko ma'aikaciyar asibiti. In na farko bai saurare ki ba, ki nemi na biyu. Ki riƙe ranaku: ran kasuwa kaza, a wuri kaza, ya ce kaza, wance tana kusa. In kin iya rubutu ki rubuta, ki ajiye takardar a wani gida, ba a wurin aikin ba. In ba ki iya ba, wanda kika gaya wa ya rubuta miki. Saƙon waya da muryar da ya turo kada ki goge, ko da ganinsu yana ɓata miki rai. Ki tura wa wanda kika amince da shi, don waya tana iya ɓata ko a ƙwace ta.

Ki kuma tambayi sauran da kuke aiki tare, a hankali. Da wuya a ce ke kaɗai ce. Bakin mutum ɗaya ana iya ƙaryata shi, na mutum uku da wuya.

In an yi fyaɗe: sa'o'i 72

Wannan sashe ku haddace shi, ko da kun manta sauran.

A zo asibiti nan da nan, dare ko rana. Kada a jira taron dangi, kada a jira mai gari ya dawo daga tafiya, kada a jira a fara zuwa wurin jandarma. Magani ba ya jiran shari'a.

Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau, wato sida, kama jiki. Dole a fara shi kafin sa'o'i 72 su cika, wato kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarfin aikinsa. Ana shan sa kullum har kwana 28 ba fashi. Yana iya sa tashin zuciya ko kasala a kwanakin farko. Kada a daina, a dawo a gaya mana. Akwai kuma maganin da ke hana ɗaukar ciki, wanda yake aiki har zuwa kwana biyar, shi ma ya fi ƙarfi a kwanakin farko. Ba zubar da ciki yake yi ba, hana shi shiga yake yi. Za mu ba da maganin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, irin su ciwon sanyi da tunjere, da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, da ta sarƙe-haƙora in akwai rauni. Za mu duba raunuka mu yi musu magani. Za a yi gwajin jini a ranar, a sake bayan makonni, a sake bayan wata uku.

In zai yiwu, kada a yi wanka kafin a zo, kada kuma a wanke tufafin. A naɗe su cikin takarda ko tsabtataccen zane, ba cikin leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Amma na san abu na farko da mutum yake so shi ne ya wanke jikinsa. In an riga an yi wanka, a zo. In kwana uku sun wuce, a zo. In wata uku ne ma, a zo, akwai sauran taimakon da za a yi.

Ba za a duba jikinki sai da yardarki, kina kuma da ikon cewa mace ta duba ki, ko wata taki ta tsaya kusa. Likita zai iya rubuta takardar shaida ta abin da ya gani, wadda kotu take karɓa. Ki karɓe ta ki adana ko da yau ba ki da niyyar ƙara, don zuciya tana iya canjawa bayan shekara. Abin da babba ya faɗa mana sirri ne. In yaro ne ko yarinya ƙarama, wajibi ne mu tabbata ba a mayar da su hannun wanda ya cuce su ba, kuma za mu haɗa kai da ma'aikatan jin daɗin jama'a.

In kai aka kawo wa kuka

Kalmar farko da ta fito daga bakinka tana iya zama magani, tana iya zama rauni na biyu. Ka nemi wurin da ba kowa, ka zauna, ka saurara har ta gama. Ka ce, "Na ji, na kuma yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Kin yi daidai da kika faɗa." Kada ka tambaye ta me ta sa a jikinta, ko me ya kai ta ɗakin. Aiki ne ya kai ta. Tambayoyin da suke da amfani su ne: yau kina da inda za ki kwana lafiya? Akwai inda yake miki ciwo? Me kike so mu yi?

Kada ka ɗauki sanda ka nufi gidan mutumin. Na ga inda yayyen yarinya suka yi haka, su aka kulle, maganar yarinyar ta bi ruwa. Kada kuma ka kai labarin majalisa ko bakin rijiya, ko ka sa shi cikin roƙon addu'a da suna a gaban jama'a. Labarinta nata ne.

Wani zai ce, to in ƙage ne fa? Yakan faru, kuma shi ya sa ake bincike, a saurari kowane ɓangare dabam, ba a haɗa su gaba da gaba ba. Sai dai a shekarun da na yi ina wannan aiki, waɗanda suka haɗiye gaskiya suka yi shiru sun ninka masu ƙage nesa ba kusa ba. Raba yarinya da wurin da take tsoro, da kai ta asibiti, ba hukunci ba ne a kan kowa. Ana iya yin wannan tun kafin a gama bincike.

Sulhu da doka

Mun saba da gyara magana a gida, kuma a rikicin iyakar gona ko bashi hanya ce mai kyau. A wannan matsala kuwa, ga yadda sulhu yakan ƙare: manya su zauna, mutumin ya ba da akuya ko 'yan kuɗi, a ce wa yarinya ta yafe ta rufe baki, ita ta bar aikin, shi ya zauna a kujerarsa, bayan wata biyu a kawo masa wata yarinyar. An rufa asirin babba, an bar ƙarama da ciwo. Yafewa tsakanin mutum da zuciyarsa ne, a lokacin da ya shirya. Ba a tilasta ta, ba ta kuma hana a cire mai laifi daga inda zai sake cutar wani. Shugabannin addini, namu da na maƙwabtanmu, ina roƙonku ku lura da wannan, musamman in wanda ake zargi na cikinku ne.

A nan Kamaru, dokar hukunta laifuffuka ta 12 ga Yuli 2016 ta ambaci abin da sunansa. Sashe na 302-1 ya ce wanda ya yi amfani da ikon matsayinsa ya matsa wa wani, ta umarni ko barazana ko tilas, don ya sami biyan bukatar lalata, za a ɗaure shi wata 6 zuwa shekara 1, da tarar sefa 100,000 zuwa 1,000,000. In wanda aka yi wa bai kai shekarun girma ba, ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ne. In mai laifin shi ne yake da alhakin karantar da shi, shekara 3 zuwa 5. Fyaɗe, a sashe na 296, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne, ana kuma ninka shi in mai laifin yana da iko a kan wanda ya cuta, ko ma'aikacin gwamnati ne, ko shugaban addini. Dokar ta kuma toshe wata tsohuwar ƙofa: ko mai fyaɗe ya auri yarinyar daga baya, wannan ba ya tsayar da shari'a. Masu zuwa aiki ƙetare su sani Nijar da Cadi su ma sun sa neman lalata ta hanyar matsi cikin laifuffukan da ake hukuntawa.

Ana kai ƙara wurin jandarma ko 'yan sanda, ko kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara a kotu. Lambar 'yan sanda 117 ce, ta jandarma 113. Maganar riƙe lada ko kora ba bisa ƙa'ida ba ta sufeton ƙwadago ce. Ofishin jin daɗin jama'a da cibiyar mata da iyali ta yankinku suna iya raka ku. Ba zan ɓoye muku ba, hanyar tana da tsawo, akwai zirga-zirga da kashe kuɗin mota, wani lokaci a gamu da ma'aikacin da ba ya ɗaukar maganar da muhimmanci. Kada mutum ya je shi kaɗai. A je da dattijo ko dattijuwa mai bakin magana, da takardar likita, a kuma riƙe kwafinta a gida.

Ga masu ba da aiki, da iyaye

A littafin Rut, mai gonar da Rut ta je kala bai jira wani abu ya faru ba. Tun ranar farko ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya ce ta riƙa bin sauran mata masu aiki, ya kuma nuna mata inda za ta sha ruwa. Baƙuwa ce, gwauruwa, ba ta da kowa, irin wadda aka fi cuta. Duk mai gona ko mai shago zai iya yin haka ba tare da ya kashe ko dala ba. Ka tara mutanenka ka faɗa da bakinka cewa a wurinka ba a taɓa mace, ba a zancen batsa, ba a dukan yaro, wanda ya yi kuma zai tafi ko ɗan'uwanka ne. Ka nuna mutum biyu, mace da namiji, da za a iya kai wa kuka, don in hanya ɗaya ce tak, wata rana mai laifin ne zai zauna a bakinta. Ka biya lada a fili, da rana, a gaban mutane, ba a ɗaki ba, ba kuma "ki dawo da dare ki karɓa" ba. Mata su tafi gona mai nisa su biyu ko uku, su tashi kafin duhu. Wanda ya kawo kuka kada a rage masa aiki ko lada. Sauran suna kallo, abin da ya same shi ne zai nuna musu ko su ma su yi magana.

Uwargida, yarinyar da take miki aiki amana ce. Ki ba ta wurin kwana mai ƙofa da sakata ta ciki. In ta kawo ƙarar mijinki ko ɗanki ko ƙanen mijinki, na san zafin da za ki ji, amma korarta da sunan ɓarauniya ba zai canja halin wanda yake gidanki ba.

Iyaye kuma, kafin ku sa yarinya a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, ko a mota zuwa Garwa ko Duwala, ku san gidan da za ta, da sunan mai gidan, da unguwar, ba ta bakin dillaliya kaɗai ba. Dokar ƙwadago ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ko da sunan koyo ne. Ku sa ta haddace lambar waya ɗaya a ka. Ku yi magana da ita kanta a kai a kai, a lokacin da uwar ɗakin ba ta kusa. Ku ɗinke mata kuɗin motar dawowa a cikin kayanta. Ku kuma faɗa mata tun kafin ta tafi: "In wani abu ya dame ki, ki dawo, ba wanda zai yi miki faɗa." Yara da yawa suna jurewa ne don an ce musu kada su kunyata gida.

Mu ma'aikatan lafiya ba mu fita daga ciki ba. Majiyyaci yana cire tufafinsa a gabanmu don ya amince da mu. Babu ma'aikacin da yake da ikon neman wani abu a jikinki kafin ya ba ki magani, ko ya rage miki kuɗi, ko ya sa ki gaba a layi. In za a duba wurin da yake al'aura, a gaya miki dalili, kina kuma iya neman wata mace ta tsaya. In wani ya ƙetare wannan iyaka, ki gaya wa shugabar masu jinya ko shugaban asibiti.

Yarinyar da na fara ba ku labarinta ba ta koma gidan ba a ranar. Da yardarta muka kira gwaggonta da ke zaune a garin, ta zo ta tafi da ita. Bayan kwana biyu gwaggon da shugabar matan unguwarsu suka je suka karɓo kayanta da kuɗinta na wata uku. Ta ce ba ta son zuwa wurin hukuma, mun bayyana mata hanyar, mun kuma sanar da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a saboda shekarunta. Da ta dawo bayan wata ɗaya na ɗora ta a kan sikeli, ta ƙara kilo biyu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ƙauyenmu ko unguwarmu, waɗanne ayyuka ne suke sa mace ko yaro ya kaɗaita da wanda yake da iko a kansa? Wanne za mu iya gyarawa kafin girbi mai zuwa?

2. In abu ya faru da daren Juma'a, wane asibiti ne mafi kusa da yake da maganin sa'o'i 72? Wa yake da babur, wa zai ba da kuɗin mai?

3. Waɗanne mutum biyu ne a cikinmu, mace da namiji, da aka san ba sa yawo da magana, waɗanda za mu nuna wa yaranmu?

4. In wanda ake zargi shi ne shugabanmu, wurin wa za a kai maganar?